Maganar tsarki da keɓewa: me ya haɗa bagade da tiyar awo?

Duk sadda anka yi bikin keɓe sabon fasto, ko anka buɗe sabon ginin majami'a a wata unguwa ta Maradi ko ƙauyukan da ke kewaye, sai ka ji matasa na yin tambayar da manya ba su cika son amsawa ba: to wai me ya canza ne? Mutumin nan jiya tare muke hawa kabu-kabu, tare muke shan shayi a fada, yau an sa shi ya durƙusa, dattawa sun ɗora mishi hannu, an yi addu'a, an ce ya zama keɓaɓɓe. Ginin nan kuma mun san mason da ya jera bulo, mun san shagon da anka sayo siminti da kwano, wasunmu ma da kanmu munka yi ta jido ruwa da yashi, yau an ce yara su daina guje-guje ciki don wuri ne mai tsarki. Tambayar ba ta raini ba ce, kuma in ba a amsa ta da kyau ba ɗayan biyu ne ke biyowa, ko dai yaro ya ɗauka duk al'adar manya ce kawai, ko ya ɗauka akwai wani ƙarfi da ke shiga jikin mutum ko jikin bango, irin wanda ake nema wurin boka. Duka biyun akwai su cikinmu, kuma a ganina na biyun ne ke ƙaruwa yanzu.

Mu faro daga inda Littafi Mai Tsarki ya faro. Can tsarki na Allah ne tukuna, shi kaɗai ke da shi na kanshi, duk wani mutum ko wuri ko rana da anka kira mai tsarki ya samu sunan ne don Allah ya ce wanga nawa ne. Ƙasar da Musa ya tsaya bisa a Fitowa sura 3, sadda anka ce ya tuɓe takalmi, ƙasa ce irin ta kowane jeji, ƙila ma jiya tumakin surukinshi Yetro sun bi ta kanta. Asabar rana ce kamar sauran, rana na fitowa ta faɗi yadda ta saba. Abin da ya bambanta su shi ne Mai su. Kowa ya san kwanon maigida a gidan Bahaushe, ƙarfe ɗaya ne da sauran kwanuka, kasuwa ɗaya anka sayo su, amma ba yaron da zai ɗauke shi ya je ɗebo ƙasa da shi, ba don kwanon na da wani asiri ba, don an san na wane ne. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar.

Sai dai kada mu mai da abin wasa, don Tsohon Alkawari bai ɗauke shi wasa ba. Annabi Ishaya da ya ga Ubangiji cikin Haikali, mala'iku na kiran Mai Tsarki har sau uku, bai yi guɗa ba, kaito ya yi, ya ce shi mai ƙazamin baki ne cikin mutane masu ƙazamin baki, sai da anka taɓa leɓenshi da garwashi daga bagade tukuna ya iya cewa ga ni, ka aike ni. Nadab da Abihu, ɗiyan Haruna na cikinshi, sun miƙa wutar da ba a umurce su ba sunka mutu nan take. Wuri Mafi Tsarki kuwa, bayan labule, babban firist kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara ranar kafara, da jini a hannu da hayaƙin turare gabanshi. In ka ga wasunmu na shigowa sujada suna danna waya har a gama addu'a ka san wannan tsoron ya yi mana nisa.

Yadda anka keɓe Haruna da ɗiyanshi maza a Littafin Firistoci sura 8 ya cancanci a tsaya a kai, don duk wani bikin keɓewa da muke yi yau daga can ya ɗauko kamanni. An wanke su da ruwa gaban jama'a, an sa musu tufafin aiki, an zuba ma Haruna mai a ka, an yanka dabbobi, sannan Musa ya ɗebi jinin rago ya shafa ma kowanensu a wuri uku: kunnen dama, babban yatsan hannun dama, babban yatsan ƙafar dama. Kwana 7 sunka yi bakin alfarwa ba su fita ba. Masu wa'azi sun daɗe suna cewa kunne don abin da za ya saurara ne, hannu don abin da za ya aikata, ƙafa don inda za ya taka, kuma ban ga laifin wanga bayani ba. Amma abin da ba a cika faɗi ba yana sura 14. Kuturun da ya warke, ranar da za a mai da shi cikin jama'a, abin da ake mishi ke nan, jini a kunnen dama da yatsan hannu da na ƙafa, a bi da mai a wuraren nan dai. Babban firist da mutumin da jiya ke zaune bayan gari shi kaɗai, hanya ɗaya anka bi da su zuwa gaban Allah. Tun can ke nan an nuna abin ba na masu babbar riga kaɗai ba ne.

Sai sura 19, wadda ni a wurina ita ce zuciyar zancen duka. Ta buɗe da cewa ku zama tsarkaka gama ni Ubangiji Allahnku mai tsarki ne, kai kana jiran ka ji dokokin turare da hadaya, akwai su kaɗan, amma dubi abin da ya cika surar. In kana girbi kada ka kwashe har gefen gona, kada ka koma kala, ka bar ma matalauci da baƙo. Kada kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana hannunka har safe. Kada ka zagi kurma, kada ka sa ma makaho abin tuntuɓe. Kada ka yi son kai a shari'a, ko don mai kuɗi ko don talaka. Kada ka yi yawon tsegumi. Ka tashi tsaye gaban mai furfura. Baƙon da ke zaune cikinku ka ƙaunace shi kamar kanka. Ma'auni da mudu su zama na gaskiya. Ayar nan da Yesu ya ɗauko ya ce ita ce doka ta biyu mafi girma, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, daga tsakiyar wagga sura ta fito, aya ta 18. To wanda ya karanta wannan ya ce tsarki maganar cikin majami'a ce kaɗai, bai karanta da idonshi buɗe ba. Gona ce, kasuwa ce, kotu ce, bakin ƙofar gida ne.

Akwai kuma wata tambaya da annabi Haggai ya yi ma firistoci bayan an komo daga bauta a Babila. Ya ce in mutum ya ɗauko tsarkakakken nama cikin shafin rigarshi, rigar ta taɓa gurasa ko mai, sun zama masu tsarki? Sunka ce a'a. In kuma wanda ya taɓa gawa ya taɓa su fa, sun ƙazantu? Sunka ce ƙwarai. Wato a tsarin da, ƙazanta ce ke yaɗuwa, shi ya sa mai son zama da tsarki sai ya yi ta kaucewa, kada ya taɓa wannan, kada ya zauna da wancan. Da Yesu ya zo sai abin ya juya. Kuturu ya zo gare shi a Markus sura 1, ya miƙa hannu ya taɓa shi, maimakon Yesu ya ƙazantu sai kuturun ya tsarkaka. Macen da ta yi shekara 12 tana zubar jini ta taɓa rigarshi ta warke. Ya kama hannun yarinyar da ta mutu ta tashi. Ya ci tuwo da masu karɓar haraji har anka yi mishi suna da abokin masu zunubi. Wanga juyi shi ne da yawa cikinmu ba mu gama haɗiyewa ba, har yau muna auna tsarkin mutum da yawan mutanen da yake guje ma.

Sadda ya mutu bisa gicciye labulen Haikali ya tsage biyu daga sama har ƙasa, kuma a shekara ta 70 sojojin Roma sun rushe Haikalin gaba ɗaya, ba a sake miƙa hadayar dabba can ba. Wasiƙar Ibraniyawa ta ce an tsarkake mu ta miƙa jikin Yesu Almasihu sau ɗaya tak, Bitrus kuma ya rubuta ma talakawan masu bi da ke warwatse ya kira su ƙungiyar firistoci ta sarki, al'umma tsattsarka. Abin mamaki ma mutanen Koranti, waɗanda Bulus ya yi ta faɗa da su kan rarrabuwa da kai juna kotu da fasikanci da buguwa wurin Jibin Ubangiji, su ne ya buɗe wasiƙarshi yana kiran su tsarkaka. Ba wai ya manta halinsu ba ne. Abu biyu ne ke tafiya tare, kuma rikicinmu da yawa daga raba su yake. Na fari, an riga an keɓe ka, an gama, ba da ƙoƙarinka ba. Na biyu, yanzu sai halinka ya yi ta gyaruwa har ya dace da Wanda ya mallake ka, wannan kuwa aikin rai duka ne, da faɗuwa da tashi, da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Wanda ya riƙe na farin kaɗai sai ya ce ai ni cetacce ne, ya ci gaba da cutar mutane hankali kwance. Wanda ya riƙe na biyun kaɗai kullum cikin fargaba yake, ko kuma ya zama mai girman kai in ya ga ya ɗara wani.

To in duka masu bi firistoci ne, don me ake keɓe fasto? Don aiki. A Antakiya, Ayyukan Manzanni sura 13, an yi azumi da addu'a anka ɗora ma Barnaba da Shawulu hannu don aikin da anka kira su, sannan anka sallame su sunka kama hanya. Amma ku lura da sura 6, ɗora hannu na farko da anka ba da labari cikin ikilisiya ba don wa'azi ba ne, don rabon abinci ne. Masu jin Helenanci sun yi ƙorafin ana tsallake gwaurayensu mata, sai anka zaɓi mutum 7 masu mutunci, cike da Ruhu da hikima, su tsaya kan rabon. Istifanas, shahidi na farko, cikinsu yake. Ke nan mai riƙe da buhun hatsin gwauraye da littafin baiko shi ma aikin da ke son cikakken mutumin Allah yake yi, ba aikin da za a jefa ma duk wanda ya iya lissafi ba.

A nan Katolika da mu ƴan bishara mun bambanta, kuma gara a faɗi bambancin yadda yake ba tare da zagi ba, tunda gari ɗaya muke, Maradi ma tana da bishop nata tun 2001. Wurin Katolika naɗin firist sakramenti ne, yana barin alama a ran mutum da ba ta goguwa, kuma sadda firist ya yi addu'ar keɓewa kan gurasa da ruwan inabi sun gaskata sun zama jiki da jinin Almasihu da gaske, shi ya sa ake ajiye abin da ya rage wuri na musamman da fitila na ci kusa, mai shigowa ya durƙusa. Wurin yawancin ƴan bishara fasto ɗan'uwa ne da anka ba amanar Magana da kiwon jama'a, Jibi kuma tunawa ce da shelar mutuwar Ubangiji. Martin Luta a Jamus, cikin 1520, shi ya tsaya kai da fata cewa duk wanda anka yi ma baftisma firist ne, bambancin na aiki ne kawai, har ya riƙa cewa aikin manomi da na mai ɗinkin takalmi da na uwa mai reno ba su kasa na mai zaman zuhudu ba gaban Allah. Katolika ma a babban taronsu na Batikan na biyu, cikin 1964, sun rubuta baro-baro cewa kowane mai bi, kowane irin matsayi gare shi, an kira shi zuwa tsarki. Kan wanga gaɓa dai an haɗu.

Wata tsohuwar rigima ta nan Afirka na da amfani gare mu. Bayan tsanantawar da sarkin Roma Diyokletiyan ya fara a 303, an samu shugabannin ikilisiya da sunka miƙa littattafai masu tsarki don su tsira da ransu. Da ƙura ta lafa sai wani ɓangare a Afirka ta Arewa, mabiyan Donatus, sunka ce duk baftisma ko naɗin da irin waɗannan sunka yi banza ne, sai an sake. Ogustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu cikin Aljeriya, ya ce a'a, Almasihu ne ke yin baftisma, hannun mutum kawai yake aro. An yi babban zama a Kartaj cikin 411 kan maganar. Na kawo ta ne don duk sadda wani fasto ya faɗi cikin abin kunya sai ka ga mutane sun rikice, wannan na tambaya ko aurenshi ya ɗauru, waccan na tambaya ko baftismarta ta karɓu. Ta karɓu. Shi faston a sauke shi, a yi mishi horo, in akwai haƙƙin wani a biya, amma bangaskiyarki ba a jikinshi anka rataye ta ba tun fari.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, kasuwar mai da ruwa da hankici. Ta talabijin da waya da hanyar Ɗan Isa duk suna shigo mana, kwalbar man zaitun da anka ce wani babban bawan Allah ya yi ma addu'a, a shafa a ƙofar shago, a ɗiga cikin kunun yaro, a zuba a injin babur. Masu yi za su kawo maka Yakubu sura 5 inda anka ce dattawa su shafa ma marar lafiya mai, da Ayyukan Manzanni 19 inda anka kai ma marasa lafiya ƙyallayen da sunka taɓa jikin Bulus. Ayoyin na nan, ban musa ba. Amma Yakubu ya ce addu'ar bangaskiya ce za ta ceci marar lafiyar, Ubangiji ne za ya tashe shi, kuma ba inda Bulus ya buɗe tebur ya sa farashi. Wanda ya zo da kuɗi don sayen baiwar Allah, Siman na Samariya, Bitrus ce mishi ya yi kuɗinshi su hallaka tare da shi. Ko macijin tagullar da Allah da kanshi ya sa Musa ya ƙera, da mutane sunka fara ƙona mishi turare sarki Hezekiya farfasa shi ya yi. Kakanninmu da sunka tuba sun ƙone layu da guraye gaban jama'a, wasu an kore su daga gida saboda haka, yau jikokinsu na rataya kwalba da zuciya irin ta mai laya.

Gini ma haka. Ya kamata a girmama wurin sujada, a share, a gyara, kada a mai da shi wurin ciniki. Amma a Janairun 2015 da anka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, da kuma Yunin 2019 da wuta ta ci ɗaya a unguwar Zariya nan cikin gari, ba wanda ya ce ikilisiya ta ƙare, ba wanda kuma ya ce addu'ar da anka yi ƙarƙashin rumfa ko cikin gidan wani ba ta kai sama ba. Da yawa cikin ikilisiyoyin ƙauye ma gindin itace sunka fara.

Yanzu ga abin da muka gada. Mishan na SIM sun shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ba da jimawa ba sunka zauna Tsibiri, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma irin koyarwar da sunka zo da ita mai tsanani ce kan rabuwa da duniya: ba giya, ba taba, ba bori, ba mata biyu. Ni ba na cikin masu yi ma wannan dariya. Mutumin da ya fito daga gidan da ake yanka ma iskoki, ko wanda burkutu ta cinye mishi gona, yana bukatar layi a fili wanda za ya ce daga nan ban ƙetarawa, kuma layin ya ceci gidaje da yawa. Matsalar ita ce a hankali jerin hani ya zama shi ne tsarkin gaba ɗaya, har ya koma kan abin da ido ke gani, ɗankwali ya rufe gashi ko bai rufe ba, zane ya kai ina, wa anka gani bakin wane shago. Yesu kuwa a Markus 7 ya ce abin da ke fitowa daga zuciya ne ke ƙazantar da mutum, kuma cikin jerin da ya kawo, kusa da zina da kisa, akwai kwaɗayi da ha'inci da hassada da ɓata suna da girman kai. Waɗannan ba a ganin su a hoton biki.

Mu sauko kasuwa. Kirista mai awon gero da ke da tiya biyu, babba ta saye ƙarama ta sayarwa, ko mai danna hannu in yana saye ya sassauta in yana sayarwa, annabi Amos ya riga ya zana shi a sura 8, masu ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe buhu, su rage mudu su ƙara kuɗi, su sayar har da ƙaiƙayi. Kuma Amos ɗin nan ne ya ce Allah ya ƙi jin waƙoƙinsu. Ba na cewa saye da kaka a ajiye zuwa bazara haramun ne, ciniki ne, amma wanda ya ba maƙwabci tiya 10 da damina ya ce a biya shi 20 da kaka yana kallon yaran gidan na kwana da yunwa, ya san abin da ya yi. Uwargida mai jagorar waƙa a zumuntar mata, wadda ƴar aikinta ta yi wata uku ba ta ga jikka biyar ɗinta ba, kullum sai gobe, Yakubu ya ce kuɗin nan kuka suke kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Tela mai karɓar ɗinkin da ya san ba za ya gama kafin Kirsimeti ba. Mushen lakwal da ke sa hannu a takarda ya tafi harkarshi ya bar yara 80 na kallon allo. Ma'aikacin buro da takarda ba ta motsi a teburinshi sai an sa mata ƙafa. Maso mai rage siminti. Bulus ya ce ma bayi, waɗanda ba su ma da albashi, su yi aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji suke yi, ba aikin ganin ido ba, to ina ga mai ɗaukar albashi ƙarshen wata. A Romawa 12 ya ce mu miƙa jikunanmu hadaya rayayya, kuma jikin nan shi ne mai zama bayan kanta daga Litinin zuwa Asabar.

A gari irin Maradi abin ya fi nauyi, don mu ƴan kaɗan ne ƙwarai cikin Musulmi. Maƙwabcinka Alhaji ba za ya taɓa shigowa ya ji wa'azin Lahadi ba, amma ya san ko kana biyan bashi, ya san yadda kake magana da matarka, ya san ko ka zo gaisuwar mutuwa ka zauna bisa tabarma tare da kowa. Shi mutum ne mai wanke gaɓoɓinshi sau biyar a yini kafin ya tsaya gaban Allah, ba sai ka koya mishi cewa ibada ba wasa ba ce. Abin da yake dubawa shi ne ko ibadar taka ta canza hannunka wurin awo.

Kuma muna da abin nunawa, ba sai mun je nesa ba. Asibitin kutare na Danja da anka buɗe a 1956, bisa hanyar Ɗan Isa, shekara da shekaru ma'aikata na wanke gyambon mutanen da danginsu ke gudu, tun 2012 kuma an ƙara wurin gyaran mata masu yoyon fitsari, waɗanda sau da yawa ko miji ya sake su ko an ware musu ɗaki can bayan gida. Asibitin Galmi kuma na nan tun 1950. Wancan taɓawar da Yesu ya yi ma kuturu ita ce ake maimaitawa da safar hannu da bandeji. Ko maganar itatuwa, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM nan yankin, wajen 1983 ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututture, su zaɓi rassa kaɗan su gyara su bar su su girma, manoman da kansu, yawancinsu Musulmi, sunka ɗauki abin sunka yaɗa shi gona zuwa gona har gawo da kalgo sunka dawo inda da fili ne fetal. Mutum ya zo aikin Allah ya ƙare da wuƙar sassabe a hannu, kuma ban ga inda ya sauka daga kiranshi ba. Annabi Zakariya a ƙarshen littafinshi ya hango ranar da za a rubuta Mai Tsarki ga Ubangiji a jikin ƙararrawar dawaki, rubutun da a da sai a goshin babban firist, tukwanen Haikali su zama kamar kwanonin bagade, kuma kowace tukunya a Urushalima da Yahuza ta zama mai tsarki ga Ubangiji.

Saura maganar horo, inda nake ganin muke auna da tiya biyu mu ma. Horo na cikin Littafi, Matiyu 18 ya shimfiɗa matakanshi, daga kai da shi ku biyu, zuwa shaidu, zuwa gaban ikilisiya, kuma manufar a ribato ɗan'uwa ne. Amma a duba su wa ake sanarwa gaban jama'a, a hana su Jibi, a mai da su bencin baya. Kusan kullum yarinya ce da ciki ya fito, don laifinta ba ya ɓoyuwa, wani lokaci ma shi saurayin na nan cikin ƴan waƙa yana kaɗa ganga. Ni dai ban taɓa jin an dakatar da mutum don ya riƙe kuɗin leburori ba, ko don ya ci gonar marayun wanshi, ko don ya raba ikilisiya biyu da tsegumi saboda ba a zaɓe shi dattijo ba. Alhali cin Jibi da rashin cancanta da Bulus ya yi kashedi a kai a Korantiyawa ta fari sura 11, laifin da ya ambata a wurin shi ne masu hali na ci su ƙoshi su bar marasa hali da yunwa da kunya. Yesu kuma ya ce in ka kawo baiko bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka ajiye baikon nan, ka je ku shirya tukuna. Da majalisar dattawa za ta fara tambayar masu manyan ambulan ranar godiyar kaka ko sun sallami waɗanda sunka yi musu noma da girbi, na san za a samu wanda za ya yi fushi ya koma wata majami'a da zakkarshi, kuma na san tsoron haka ne ya sa har yanzu ba a tambaya.